Ta wace hanya ake gyara dokar da ke ba 'yan sanda bayanan mutane?

Ma'aikacin_Sadarwa: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfanin intanet, kuma a teburina wasiƙun jami'an tsaro ke sauka. Wata da sa hannun alƙali, wata hatimin ofis kawai, ana neman suna da adireshin mai wani layi. Dokar kare bayanai ta hana mu fitar da sirrin mutane, amma ta yi togaciya ga binciken laifi ba tare da ta ce wa zai sa hannu ba. Idan ana son toshe wannan kafa, daga ina ake farawa?

Barista_Mace: Wa alaikumus salam, Malam. A ƙa'ida aikin majalisa ne: a kawo ƙudurin gyara, kwamiti ya saurari jama'a, a kaɗa ƙuri'a, shugaba ya sa hannu. Sai dai sau da yawa kotu ce ke fara tayar da majalisar daga barci. A Kanada, kamfanoni irin naku sun daɗe suna miƙa sunan mai layi da zarar ɗan sanda ya nema, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Spencer a 2014 cewa roƙon ɗan sanda kaɗai ba izinin doka ba ne. A shekarar ce kuma kotun Tarayyar Turai ta soke dokar 2006 da ta tilasta adana bayanan kira na wata 6 zuwa shekara 2.

Ni dai ban cika son gyara mai dogon bayani ba. Dubi dokar sirri ta Amurka ta 1974: hukumar gwamnati ba za ta ba jami'an tsaro fayil ta wannan kafa ba sai shugaban masu neman ya rubuta buƙata, ya faɗi ɓangaren da yake so da aikin da za a yi da shi. Layi biyu, amma sun ɗaure hannun kowa.

Tsohon_Jami'i: Barista, da girmamawa, ranar da aka sace yaro ba a jiran alƙali ya dawo daga hutu. Ku gyara, amma ku bar ƙofar gaggawa.

Barista_Mace: Yallaɓai, ba wanda ya ce a rufe ta. A bari, amma a rubuta wa ya karɓa da dalilinsa, alƙali ya duba daga baya. Turai ma doka ta daban ta yi wa 'yan sanda a 2016, wadda ta wajabta ajiye tarihin wanda ya buɗe bayani ko ya miƙa shi.

Ma'aikacin_Sadarwa: Na gode. To kafin majalisa ta motsa, mai hatimi kawai fa, in mayar da ita?

Barista_Mace: Kada ka yanke kai kaɗai. Miƙa wa lauyan kamfani, ya nemi su faɗi sashen dokar da suka dogara da shi, a rubuce.