Gishirina na ruwan teku yana fitowa da ɗaci, ina mafita?

Ƙanwarku: Assalamu alaikum. Ina shanya ruwan teku a faranti har ya ƙafe ƙurmus, amma gishirin da ɗaci, kuma ko na adana shi sai ya jiƙe. Don Allah a taimaka.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, barinsa ya ƙafe ƙurmus ɗin nan shi ne matsalar. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri iri-iri, kuma ba lokaci ɗaya suke kwanciya ba. Alli ne ke fara sauka, sai jifsam, wani farin ma'adini, idan ruwan ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Gishirin ci ba ya fitowa sai an kai kusan kashi ɗaya cikin goma. Ruwan da ya rage a ƙarshe cike yake da sinadarin magneziyam, shi ke kawo ɗacin, shi ke jawo laima. Ki raba aikin mazubi uku, kina tsiyaye ruwan daga wannan zuwa wancan, don alli da jifsam su zauna a na farko da na biyu, gishirin ci kuma a na ƙarshe. Da gishiri ya taru, ki kwashe, ki zubar da sauran ruwan.

Hajiya: Ki fara tace shi da ƙyalle, ya kwana yashi ya zauna. Kuma ki rabu da farantin ƙarfe, tsatsa zai yi. Gilas ko roba baƙa mai faɗi.

Baba: Ku yaran nan rana kawai kuke kallo. Iska fa? Ruwa mara zurfi a fili mai iska ya fi saurin ƙafewa nesa ba kusa ba. Idan an yi yayyafi kada ki motsa, ruwan sama a bisa yake tsayawa saboda bai kai ruwan gishirin nauyi ba, sai ki janye shi a hankali.

Ƙanwarku: Baba, ta yaya zan gane lokacin juyewa zuwa mazubi na ƙarshe?

Injiniya: Ki nemi ma'aunin kaurin ruwa na Bome. Idan ya nuna wajen 25 gishiri ke fara fitowa, nan za ki juye, kafin ya wuce 29 ki tsayar.

Baba: Ko ki duba saman ruwan. Za ki ga ƴan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu suna yawo.

Hajiya: Aidin ɗin da ke cikin irin wannan gishiri kaɗan ne ƙwarai. Kada ki daina amfani da mai aidin a gida, musamman idan akwai yara ko mai juna biyu.