Red Notice na Interpol: sammaci ne ko cigiya?

Duk lokacin da aka ce Interpol, hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, ta fitar da Red Notice a kan wani, sai ka ji masu fassarar labarai sun ce an ba da sammacin kama shi a duk faɗin duniya. Wannan fassara ta daɗe tana damuna, domin sammaci daga alƙali yake fitowa, kuma wanda aka kai wa ba shi da damar ƙin amsawa, alhali Interpol, wadda aka kafa a 1923, hedikwatarta kuma ke birnin Liyon na Faransa, ba ta da kotu, ba ta da kurkuku, kuma ba jami'anta ne ke sa wa mutum ankwa ba. Roƙo take isarwa ga ƙasashe 196 da ke cikinta, cewa wanda ya ga wane ya tsare shi kafin a kammala shari'ar miƙa shi, kowace ƙasa kuwa da dokarta take aiki.

Shari'ar James Ibori, tsohon gwamnan jihar Delta, ta nuna haka: 'yan sandan Dubai ne suka kama shi a 2010, kotunan can suka saurari buƙatar Birtaniya, sai a 2011 aka miƙa shi Landan.

Wajen fassara Red Notice da Hausa, wasu sun kawo “jar sanarwa”, to amma sanarwa ta yi faɗi, har ɗaurin aure da ita ake shelarsa. Ni dai zaɓina “jar cigiya”. Kowa ya san cigiya a rediyo ko bayan sallar la'asar: a faɗi suna, a faɗi kama da tufafin da aka gan shi da su, a ce wanda ya gani ya kai shi gidan mai unguwa. Haka takardar Interpol take, suna da hoto da ranar haihuwa da laifin da ake tuhuma.

Na yarda akwai ƙorafi mai ƙarfi, cewa ɓataccen yaro ake cigiya, mai laifi kuwa nemansa ake ruwa a jallo. Sai dai launi ya raba gardamar, tunda hukumar da kanta da launi take rarrabewa: mai ruwan ɗorawa ta ɓatattu ce, baƙa ta gawar da ba a san mai ita ba. Kalma ɗaya ta ɗauki ukun, abin da sammaci ba zai iya ba, tunda ba a taɓa kai wa gawa sammaci ba.