Launin da na zaɓa ya canja a bango: me zan shafa wa falo da silin?

Uwargida ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani a kan fentin falo, domin na yi kuskure sau ɗaya kuma ba na so in maimaita shi. Shekara biyu da suka wuce na zaɓi ruwan toka mai haske daga katin launuka, wanda a takarda ya yi kyau ƙwarai, amma da aka gama shafa shi sai ya koma shuɗi-shuɗi, da yamma kuwa ɗakin yakan yi duhu kamar hadari ya haɗu. Falon taga ɗaya gare shi, rana ba ta shiga sai da safe na ɗan lokaci, tayil ɗin ƙasa ruwan madara ne, kujeru kuma ruwan ƙasa mai duhu. Tsayin silin bai wuce mita 2.6 ba. Wane launi ya dace da bango, kuma dole ne silin ya zama fari?

Tsohon Mai Fenti ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ya same ki ya sami mutane da yawa, kuma laifin ba na idonki ba ne. Kusan kowane ruwan toka yana da wani launi ɓoye a ƙarƙashinsa, ko shuɗi, ko kore, ko ja-ja, wanda ba ya bayyana a ɗan katin da bai kai tafin hannu ba, sai an shimfiɗa shi a bango huɗu sannan ya fito fili. Tayil ɗinki mai ruwan madara ma ya ƙara tona shi, domin idan launi mai ɗaukar rawaya ya zauna kusa da toka, ido yakan ga tokar ta ƙara shuɗi.

Shawarata ita ce ki fara daga abin da ba za ki canja ba, wato tayil da kujeru, ki nemi launin da zai zauna lafiya da su, kamar ruwan madara mai haske ko toka mai karkata zuwa ruwan ƙasa. Ki sayi ƙananan gwangwanaye na launi biyu ko uku, ki shafa kowanne sau biyu a kan farin kwali mai faɗin kamar rabin mita, ki bar shi ya bushe sosai, domin fentin ruwa yakan ɗan ƙara duhu bayan ya bushe. Sannan ki riƙa jingina kwalin a bangon da ke kallon taga da kuma bangon da tagar take, ki duba shi da safe, da azahar, da dare bayan an kunna wuta, har kwana biyu ko uku. Kada ki gwada a kan tsohon fentin kai tsaye, domin tokar da ke kewaye za ta ruɗi idonki.

Mai Zanen Gine-gine ta amsa:

Ina goyon bayan Baba a kan duk abin da ya faɗa, sai dai zan ƙara abu biyu, 'yar'uwa. Kamfanonin fenti da dama suna rubuta wata lamba a bayan kati ko a shafinsu na intanet, ana kiranta LRV, wadda ke nuna yawan hasken da launi ke mayarwa, daga 0 zuwa 100. Fararen fenti yawanci suna tsakanin 80 da 90, launuka masu duhu sosai kuma ƙasa da 20. A ɗaki mai taga ɗaya irin naki, ni ba zan sauka ƙasa da 60 ba.

Na biyu, ki duba ƙwayayen lantarkinki kafin ki sayi ko da lita ɗaya. Ƙwan da aka rubuta masa 6500K haskensa fari ne mai shuɗi, kuma ina kyautata zaton shi ne ke ƙara wa fentin falonki shuɗi da dare, alhali mai 2700K ko 3000K haskensa yana karkata zuwa rawaya. Game da silin, tun da gajere ne, ki bar shi fari marar sheƙi, saboda fenti mai ƙyalli yana fito da duk wani tudu da kwari na filasta idan haske ya bi ta kansa.

Malam Mai Nazari ya amsa:

Ranki ya daɗe, a kan silin ina da ɗan saɓani. Fari ba iri ɗaya ba ne, kuma fari fat mai ɗaukar shuɗi, idan ya haɗu da bango ruwan madara, sai ya sa bangon ya zama kamar ya yi datti, layin da ke tsakaninsu kuma ya fito ƙarara, wanda shi ne ke tuna wa ido cewa silin ɗin yana kusa. A ɗakin karatuna na shafa wa silin launin bangon ne amma wanda ya fi shi haske sosai, sai iyakar ta yi laushi, ɗakin ya zama kamar ya ƙara tsayi. Wannan dabara tana aiki ne idan launin bangon mai haske ne tun farko. Haka nan, idan bokitin fenti ya wuce ɗaya, a juye su wuri guda a gauraya kafin a fara aiki, domin akan sami ɗan bambanci tsakanin bokiti da bokiti ko da sunan launin ɗaya ne.

Uwargida ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba ƙwayayen falon yanzu, dukkansu 6500K ne, don haka zan fara canja su kafin in gwada kwalayen. Baba, tambaya ɗaya ta rage: tun da sabon launin ya fi tsohon haske, shafi biyu zai rufe tokar, ko sai an fara bin bangon da farin fenti tukuna?