Neman shawara: murhun ɗumama ɗaki na dawo mana da hayaƙi, falo kuma na wari ko babu wuta

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini a nan Ingila. Gidan da muke haya a arewacin ƙasar tsohon gini ne na jan bulo, cikin jerin gidajen nan masu haɗe da bangon juna, bene hawa ɗaya. A falo akwai buɗaɗɗen murhu a jikin bango, bututun hayaƙinsa ya fita ta saman rufi. Ganin kuɗin gas ya yi yawa, muka fara hura itace da yamma. Da an kunna wuta sai hayaƙi ya turnuƙe falo. Bayan kamar minti ashirin yakan ragu, amma ba ya dainawa gaba ɗaya. Ranar da aka yi ruwa kuma, ko ba a hura komai ba, falo na warin tsohuwar toka. Har ɗakin kwanan yara da ke sama muna jin ƙauri. Faɗin bakin murhun santimita 60 ne, tsayinsa 70. Itacen a gidan mai nake saya. Wani ya ce in sa a ɗora wa bututun hula mai juyawa. Ita ce maganin?

Hajiya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a kai ga maganar hula, ka dakatar da hura wutar nan daga yau. Ƙaurin da ke kaiwa ɗakin yara shi ne abin tsoro, don inda hayaƙi ya bi, iskar kabon monoksaid mai guba ma nan take bi, ita kuwa ba ta da wari ba ta da launi. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda ke sauƙi idan mutum ya fita waje. In kun ga haka ku buɗe tagogi, ku fice, ku kira lambar agajin gaggawa 999. Akwai na'urar gargaɗin wannan iskar a falon? Dokar Ingila ta ɗora wa mai gidan haya sa ta a ɗakin da ke da abin ƙona makamashi da aka girka, ban da kukar gas ta girki. Ka nemi mai lambar BS EN 50291 a jiki. Ana kafa ta tsakanin mita 1 zuwa 3 daga murhu. In a silin ne, ta yi nesa da bango da aƙalla santimita 30. Ka ƙara ɗaya a ɗakin yaran, ko da kuɗinka ne.

Baba Magini: Hajiya ta yi gaskiya. Yaro, mai gidan ya ba ka izinin hura wuta a wurin? Kuma yaushe aka share bututun na ƙarshe? A tsofaffin gidajen nan ana samun murhun da ya shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. Wani an toshe kan bututun da siminti an bar 'yar kafa. Wani a da hitar gas ce a wurin, aka zura masa siririn bututun ƙarfe wanda ba a yi shi don zafin itace ko kwal ba. Wani kuma tsuntsu ne ya cika shi: akwai ɗan ƙaramin hankakan ƙasar nan da ke son yin sheƙa a bututu, yana jefa ƙirare har sai sun tokare. In ka ga ƙirare ko busasshiyar ciyawa na faɗowa cikin murhu, to shi ne. Sheƙar da ke da ƙwai ko 'ya'ya doka ta hana a taɓa, sai an jira sun tashi, galibi ƙarshen Agusta, sannan a cire a sa raga a kai.

Da rana ka shimfiɗa tsumma, ka leƙa da tocila ko ka sa madubi. Ka duba maƙogwaron murhun, wato inda ya tsuke a saman wuta. Wasu suna da marfin ƙarfe mai hannu a nan, tsatsa na sa ya maƙale a rabin buɗe. Rashin ganin hasken sama ba hujja ba ce cewa ya toshe, don yawancinsu suna da lanƙwasa. Abin da zai raba gardama mai shara ne. Ka ce wa mai gida ya kira wanda ke da rajista da HETAS, cibiyar da ke tantance masu aikin murhu, ko ɗaya daga ƙungiyoyin masu share bututu, ya share, ya yi gwajin hayaƙi, ya ba da takarda.

Injiniya: Bari in yi bayanin abin da ke sa bututu ja, don shi zai nuna maka inda za ka nema. Iskar da ke cikin bututu idan ta fi ta waje zafi, ta fi ta sauƙi, sai ta tashi, ta janyo ta ɗaki a bayanta. Ƙarfin jan ya dogara da tsawon bututun da bambancin zafin ciki da waje. Kuma duk iskar da ta fita ta sama, dole wata ta shigo ɗakin ta maye gurbinta. In ba ta samu hanya ba, jan ya mutu.

Hayaƙin minti ashirin na farko alamar bututu mai sanyi ce. Iska mai sanyi ta cika shi, tana gangarowa, ƙaramar wutar farko ba ta da ƙarfin ture ta. Bayan an share an tabbatar lafiya, kafin ka kunna, ka murɗa takardar jarida biyu ko uku, ka kunna bakinta, ka riƙe a maƙogwaro har ka ga hayaƙin ya juya sama. Sannan ka jera wutar a kife: manyan itace a ƙasa, ƙanana a kansu, ƙirare da abin kunnawa a can sama. Harshen wutar na kusa da bututu, yana ɗumama shi da wuri, hayaƙi kuma kaɗan ne.

Wanda ba ya dainawa shi ya fi damuna, kuma za ka iya gwada shi yau ba tare da hura wuta ba. Ka kunna turaren tsinke, ka riƙe a saman bakin murhu, ƙofofi da tagogi a rufe, ka ga ina hayaƙin ke bi. Sai ka buɗe tagar falo kamar faɗin yatsu biyu, ka sake dubawa. Sai ka rufe, ka kunna fankar zuƙe hayaƙin kicin, da ta banɗaki, da injin busar da kaya in mai fitar da iska waje ne, ka sake dubawa. Ka kuma gwada da ƙofar matattakalar bene a buɗe da a rufe. Ka zo mana da abin da ka gani.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun daina hurawa, na kuma rubuta wa mai gida. Injiniya, na yi gwajin. Komai a rufe, hayaƙin turaren tsayawa yake yana yawo a bakin murhu. Da na buɗe taga sai ya miƙe ya shige bututu. Da aka kunna fankar kicin kuwa, falo ya dawo gaba ɗaya, har ina jin iska mai sanyi na saukowa. Tagogin sababbi ne masu gilashi biyu. A ɗakin yara akwai wurin tsohon murhu da aka rufe da katako, an bar 'yar raga a ƙasa.

Injiniya: To ka samo babban ɓangaren matsalar. Lokacin da aka gina gidan, iska na shigowa ta ko'ina: gefen taga, ƙarƙashin ƙofa, tsakanin katakon daɓe. Yanzu an sa taga mai roba a baki, an shimfiɗa kafet, an ƙara fanka mai fitar da iska. Babbar kafar da ta rage wa gidan ita ce bututun, don haka ta nan yake shaƙa. Ƙari a kan haka, gida mai bene shi kansa yana ja: iska mai ɗumi na hawa matattakala tana fita ta ƙofar silin da tagogin sama, sai ƙasa ya rasa. Maganin dindindin shi ne kafar iska a bango ko a daɓe kusa da murhu, wadda ba a rufewa. Ƙa'idar gini ta Ingila, kundin da ake kira Approved Document J, ta ce ga buɗaɗɗen murhu kafar ta kai aƙalla rabin girman maƙogwaro. Ka duba bangon waje ma, wataƙila akwai bulo mai huji da aka toshe ko aka shafe da fenti. Kuma fankar kicin da wuta ba sa haɗuwa lokaci ɗaya sai an gyara wannan.

Hula mai juyawa ba za ta yi maka komai a nan ba. Amfaninta idan iskar waje ce ke bugowa cikin bututu, kuma alamar wannan daban ce: hayaƙi na fesowa lokaci-lokaci, sai ranar da ake iska, kuma daga kusurwa ɗaya.

Baba Magini: Injiniya, ban ƙi taka ba, amma kafar iska kaɗai ba za ta gama aikin ba. Ku duba awon da ya bayar. 60 sau 70 ya ba da murabba'in santimita 4,200. Kundin da ka ambata ya ce murhun da bakinsa ya wuce santimita 50 da 55, bututunsa ya zama kashi 15 cikin 100 na girman bakin. Wato ana neman 630. Bututun irin gidajen nan yawanci kamar santimita 22.5 da 22.5 ne, kusan 506 ke nan, kuma yaɓen ciki ya ci wani abu daga ciki. Bakin ya yi wa bututun girma, yana haɗiyar iskar da ba zai iya fitarwa ba, ragowar ta zubo ta ƙarƙashin linta. Idan lokacin hurawa ya yi, ka samu farantin ƙarfe ko takardar alminiyam mai kauri, ka tare saman bakin, kana saukar da shi kaɗan-kaɗan har hayaƙi ya daina fitowa, ka yi alama. A lissafina zai kai santimita 14 ko fiye. Nan za a kafa farantin dindindin. Ko kuma a ɗaga ragar da itace ke zama a kai da bulo mai jure wuta, duk abu ɗaya ne.

Ɗakin yara kuma hanya biyu ce. A cikin ginin da ka gani a saman rufi akwai bututu fiye da ɗaya, kowane murhu da nasa, siririn bulo ne ya raba su. Ko dai hayaƙi ya fita ta tukunyar falo, wato bakin yumɓun da ke kan bututun, ta kusa da ita mai sanyi ta zuƙe shi ta sauko da shi ta ragar nan, ko kuma bulon da ya raba su ya zube, yaɓen ya ruɓe, hayaƙi na ratsawa ta ciki. Na farko ana magance shi da ɗaga tukunyar falo ta fi ɗayar tsayi, a sa wa wadda ba a amfani da ita marfi mai barin iska. Na biyu sai an zura sabon bututun ƙarfe marar tsatsa, mai lamba 316 ko 904, kuma aikin mai gida ne. Gwajin ne zai bambance: mai shara zai ɗumama bututun kamar minti goma, ya kunna ƙwayar hayaƙi, ya rufe sama da ƙasa, sannan a zagaya ɗakunan sama da cikin silin ana dubawa. A sanar da maƙwabci ma ya duba nasa, tunda bango ɗaya kuke. Kada ka like ragar ɗakin yaran da kanka, rufaffen bututu na tara laima. In an hau sama a auna tsayi: in bututun na kusa da ƙololuwar rufi, bakinsa ya zarce ta da aƙalla santimita 60.

Yaya Babba: Ba wanda ya taɓa maganar itacen, kuma akwai doka a ciki. Yawancin manyan biranen Ingila suna cikin yankunan hana hayaƙi, tsarin da ya samo asali daga dokar 1956 bayan hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a Disambar 1952. A irin wannan yanki ba a ƙona itace a buɗaɗɗen murhu, komai bushewarsa. Sai curarren makamashi marar hayaƙi da aka amince da shi, ko rufaffen murhun ƙarfe da ke cikin jerin da Defra, ma'aikatar muhalli, ta yarje wa. Tarar fitar da hayaƙi fam 175 zuwa 300 ce. Ka sa lambar unguwarku a shafin ƙaramar hukumarku ka gani.

In ba kwa ciki, ka sayi mai tambarin Ready to Burn, wanda laimarsa ba ta wuce kashi 20 cikin 100 ba. Na'urar awon laima ba ta da tsada: ka faskara itacen, ka soka ƙusoshinta a sabuwar fuskar, ba a bayan ɓawo ba. Ɗanyen itace na tsuwa, ruwa na kumfa a bakinsa, zafin wutar na ƙarewa wajen busar da shi, hayaƙin ya fita da sanyi ya daskare a bango ya zama kwalta. Katako mai fenti, guntun kujera da falayi kuwa kada su shiga wuta ko kaɗan.

Wannan kwaltar da kunkunniya su ne warin ranar ruwa. Ruwa ya shiga ta buɗaɗɗiyar tukunya ko ta tsagewar simintin da ke riƙe da ita, ya jiƙa su, iskar da ke gangarowa ta kawo warin falo. Turare ba ya kashe shi, rufe shi yake na ɗan lokaci. A share, a gyara simintin, a sa hular kare ruwa mai raga, a riƙa kwashe toka bayan ta huce cikin bokitin ƙarfe a kai waje. Ranakun da ba a hurawa ana cusa matoshin ulu ko balan-balan ɗin bututu a maƙogwaro, a bar igiyarsa na reto don kada a manta a kunna wuta a ƙarƙashinsa. Mai ƙona itace ya share aƙalla sau biyu a shekara, mai makamashi marar hayaƙi sau ɗaya. Kwaltar da ta taru tana kamawa da wuta. In ka ji bututu na ruri, tartsatsi na fita ta sama, ku fita ku kira 'yan kwana-kwana.

Hajiya: Ƙanena, tunda don rage kuɗin gas ka fara, ka yi lissafi kafin a kashe kuɗin gyara. Buɗaɗɗen murhu yawancin zafinsa sama yake tafiya, yana kuma kwashe iskar da hitar gidan ta riga ta ɗumama. Rufaffen murhun ƙarfe ya ninka shi amfani, kuma bai kai shi cin iska ba. In gwaji ya nuna sai an zura sabon bututu, ka ba mai gida shawarar a haɗa da shi a yi aiki ɗaya. Duk abin da kuka yi da shi ya zama a rubuce, ka kuma ajiye kwafin takardar mai shara.

Mai tambaya: Na duba, Yaya, unguwarmu na cikin yankin hana hayaƙi, don haka maganar itace ta ƙare. Mai gida ya amsa, ya ce zai turo mai shara ya kuma kawo na'urar gargaɗi. Baba, in mutumin ya zo, me zan tabbatar ya yi kafin ya tafi?

Baba Magini: Ya nuna maka burushinsa ya fito ta saman tukunya, ka fita waje ka gani da idonka. Ya nuna maka abin da ya sauko: in akwai guntayen bulo da yashi da yawa a ciki, ka ce a zura kyamara. Ya yi gwajin ɗigar hayaƙi kana tsaye a ɗakin yara, sannan ya yi gwajin ja sau biyu, ɗaya fankar kicin a kashe, ɗaya a kunne. Ya auna maƙogwaro ya rubuta girman kafar iskar da ake bukata a takardar, don ita za ka miƙa wa mai gida.