Yaya zan sa ziyarar Gidan Makama ta zauna a zukatan ɗalibaina?

Malamar Tarihi, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata a cikin birni, kuma duk shekara nakan kai 'yan aji biyar Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano. Gini ne tun na ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa da ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, amma yaran sai su tsaya gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, su leƙa ɗakin amarya, su ɗauki hoto, mu dawo. In an kwana biyu ka tambaye su, hoton ne kawai ya rage. Abin yana damuna matuƙa. Ina so su yi aiki tare ta intanet kafin zuwa da bayan dawowa, har da wani aji na wani gari in da hali. Ba mu da ɗakin kwamfuta, sai wayoyin iyaye. Don Allah a taimaka da shawara.

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam Malama. Ki buɗe shafin Digital Benin ki gani. An ƙaddamar da shi a Nuwamban 2022, ya tattara kayan masarautar Benin sama da 5,000 da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, galibi waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Abin da ya burge ni ba yawan hotunan ba ne. Sun koma wurin mutanen Edo, masu masarautar, suka jera kayan bisa sunayensu na asali da amfaninsu, suka haɗa da bayanan dattawa.

Ke ma haka za ki yi, daidai ƙarfinki. Kowace yarinya ta zaɓi abu ɗaya tak a gidan: akushi, ko adudu, ko tasa daga jeren amarya. Ta kai wa kakarta hoton, ta naɗi muryarta minti biyu tana faɗin yadda ake amfani da shi, ta tura zauren WhatsApp na aji. Sauran su saurara su kawo abin da nasu kakannin suka ce. Ran da suka koma gidan tarihin, kowacce ita za ta yi wa ƙawayenta bayanin nata.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, shawarar nan ta yi. Na yi shekaru ina zagayawa da baƙi a wani gidan tarihi, kuma na sha ganin tsohuwar da ta rako jikanta ta fi takardar jikin bango sanin abin da ke gabanta. Sai dai ki fara neman izinin ɗaukar hoto wurin jami'in ilimi na gidan, ki gaya masa nufinki. In muryoyin sun yi kyau, ki ba su kwafi, wataƙila su liƙa lambar QR, wadda ake haskawa da waya, kusa da kayan don baƙon da ba ya karanta Turanci ya saurara da Hausa. In kakanni biyu suka saɓa, kada ki goge ɗaya, ki bar yaran su bincika dalili. Kuma kada fuskar 'yan matan ta fita waje ba da yardar iyayensu ba.

Bazindire:
Malama, ni malami ne a Zinder, kuma ajina a shirye yake. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Agadas ta Damagaram yake bi, don haka sirdi da lifidi da kayan fata da za ki nuna mana, muna da irinsu a wajen fadar Sarkin Damagaram. Yaranku da Turanci suke karatu, namu da Faransanci, amma da Hausa za a yi aikin. Roƙona ɗaya: a bar bidiyo, data tana da tsada a nan. Murya da hoto sun wadatar.

Malamar Tarihi, Kano:
Allah ya saka da alheri. Baba, gobe in Allah ya kai mu zan je neman izinin. Malam na Zinder, mu fara da kayan doki ko da na ɗakin amarya? Nawa yaran na san na biyun za su zaɓa.