Shawarwarin da muka tattara kan haɗa kayan kiɗa daga sautin kyauta

Jiya da daddare a sitidiyo ɗinmu na Agege mun daɗe muna magana kan yadda za a ɗauki sautin kyauta a mai da shi kayan kiɗa a kwamfuta, to ga abin da na riƙe. Kafin komai duba lasisi, a Freesound, shafin intanet na sautuka kyauta, sautin da aka sa wa lasisin CC0 shi ne babu matsala ko za ka sayar da waƙar. Ka sauke WAV, kar ka ɗauki MP3.

Inda aka fi daɗewa shi ne tsaftacewa, ka buɗe sautin a Audacity, manhajar gyaran sauti, ka yanke shirun farko har ka iso inda sautin ya fara, in ba haka ba kana danna maɓalli a kibod ɗin kiɗa sai ka ji kiɗan ya makara, kuma in kai ka naɗi kalangu da kanka ka jira dare ya yi janareta da hon ɗin danfo su lafa tukun. Sannan manhajar Polyphone, kyauta ce, ita ke fitar da SF2, wato fayil ɗin kayan kiɗan, ka sa kowane sauti a ainihin maɓallinsa. Goge da sarewa suna bukatar lup mai kyau, wato maimaita wani yanki na sautin don ya ɗore, in ba haka ba ƙas-ƙas za ka riƙa ji. Ni dai wallahi lup ɗin nan ya fi min muhimmanci.