Busasshiyar allura don ciwon wuya, wa aka taɓa yi wa?

Telan Fagge:
Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekara 11 ina kan keke. Tun ɗinkin ƙaramar Sallah wuyana ya riƙe ta dama, ciwon yana tasowa daga kafaɗa ya bi bayan kunne har gefen ido. A saman kafaɗar akwai wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino, in na danna sai kai ya sara. Na shafa man zafi har na gaji. Jiya mai gashin ƙashi a asibiti ya ce zai soka min siririyar allura a ƙullutun, ba ruwan magani a cikinta. To me za ta yi min? Ba gara in je wanzami ya kafa min ƙaho ba?

Maman Biyu:
Wa'alaikumus salam. An yi min sau 3 bara. Allurar tana taɓa wurin tsokar ta zabura da kanta, na ce wayyo. Kwana 2 kamar an dake ni. Amma bayan nan na iya juya wuya in yi sallama a salla, da kuwa sai na juya da duk jikina. Da na koma duƙawa kan waya, wata 2 ciwon ya dawo.

Ɗan Fisiyo:
Malam, aikinmu ne. Ƙullutun nan zaren tsoka ne da ya ɗaure ya ƙi saki. Zaburar da Hajiya ta ce, ita ake nema, bayanta tsokar kan saki. Ƙaho fata yake ja, ba ya isa can ciki. Tun 1979 wani likita ɗan ƙasar Cek, Karel Lewit, ya nuna sokawar kanta tana rage ciwo ko ba magani.

Sai dai ka kula, ƙololuwar huhu tana ƙarƙashin wurin nan. Wanda bai koya ba zai iya huda shi. A buɗe sabuwar allura a gabanka. In kana shan maganin tsinka jini irin warfarin, faɗa wa mai yi maka allurar. In numfashi ya yi maka wuya bayan an yi, asibiti kai tsaye. Hannunka yana mutuwa ko tsikari? In haka ne, a fara duba jijiya tukuna.

Sauƙinta ba ya daɗewa in ba ka yin motsa wuyan da mai gashin ƙashin zai koya maka. Duk rabin awa ka ɗago daga keke.

Telan Fagge:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Hannu lafiya lau. Laraba zan koma. Kujerar shagon ma ta yi min tsawo, duƙe nake wuni, yau zan sa kafinta ya rage ƙafafunta.